Hanyoyin mai cikin inji: yadda ake wanke su, da yadda za ka tabbata mai ya kai inda anka aike shi

Yawancin masu injin niƙa da masu gurup, wato injin bada wutar lantarki, nan Tahoua in ka tambaye su ko suna kula da mai, sai mutum shi jawo joj, sandar nan ta auna mai, shi gwada maka, ga shi nan cike har bisa layi, shi ke nan hankalinshi ya kwanta. To joj ba ta gaya maka komi in ba yawan man da ke kwance cikin kartar, kaskon mai na ƙasan inji, ba, ko man nan ya hau ya kai ga kusine, ɓawon ƙarhen nan mai laushi da sandunan inji ke juyawa cikinshi, ko ya tsaya hanya wannan ba ta sani ba, kuma sau nawa ake kawo inji garaji bilbireke, babbar sandar nan da pisto ke juyawa, ya kama ya ƙi juyawa amma da an kwance bushon sai ka ga baƙin mai na zuba litir litir. Duk wanda ya taɓa ban ruwa garkar albasa wajen Galmi ko Madawa ya san zancen, rijiya cike take, motopompo na ta kuka, amma in ƙasa ta toshe ƴar hanya guda to hwangalin ƙarshe bushewa shikai kana tsaye.

Sai ka hwara sanin inda man ke bi, don wanda bai san hanya ba ba shi gane inda ta toshe. Cikin injin gazuwal, na gurup ne ko na kamiyo ko manyan nan na izin, wato masana'anta, mai na kwance cikin kartar, pompo na tsotso shi ta wata rariya ta ƙarhe, shi tura shi zuwa filtir, daga filtir shi shiga babbar hanya da anka huda tsawon bulok, daga nan ƙananan hanyoyi su rarraba. Wasu su sauka ga kusine na paliye inda bilbireke ke kwance, kuma shi kanshi bilbireke hudajje ne ta ciki, rami na tashi daga paliye shi gitta shi ɓullo inda biyel, hannun da ke haɗa pisto da bilbireke, ke kamawa, ta nan kusinen biyel ke samun rabonshi. Wasu hanyoyin su hau sama zuwa arbirakam da kilbitar, masu buɗe ƙohwohin iska da hayaƙi cikin kulas, wato kan inji, in akwai turbo wani siririn tiyo shi kai mishi, injuna da yawa kuma suna da ƴan jiklar da ke hesa mai ƙarƙashin pisto don shi huce. In ya gama zagaye sai shi gangaro da kanshi shi koma kartar. Tsakanin bilbireke da kusine ratar da ke akwai bata wuce milimita 0,03 zuwa 0,08 ga yawancin injunanmu, silin gashi ma kusan ya hi ta kauri, kuma cikin wagga rata ce mai ke shiga shi ɗaga ƙarhe daga bisa ƙarhe. In ya yanke ko na ƴan sakan ne inji na ɗauke da kaya, to kusine ya narke.

Mi ke toshe su? Mu nan abu na hwarko ƙura ce. Daga Nuwamba har Maris hunturu na kwaso muna ƙura, ƙurar nan ko rairayi ce niƙaƙƙa, ta hi ƙarhen bilbireke tauri, in filtir na iska ya tsage ko tiyonshi ya saki sai ta bi ta silinda ta wuce segiman, zobban pisto, ta hwaɗa cikin mai. Na biyu zahi, watan Afrilu da Mayu inuwa kanta na wuce digiri 40, balle ɗakin gurup da anka ruhe da tol ba taga. Ƙa'idar da masana mai ke aiki da ita ita ce in mai ya wuce wajen digiri 60, duk ƙarin digiri 10 na raba kwanakinshi biyu, sai shi ƙone shi yi kauri shi zama wani baƙin taɓo da ke lahewa cikin hanyoyi. Lokacin da wutar da ke zo muna daga Nijeriya ta yanke a Agusta 2023, gurup ɗin da anka saya don shi riƙa riƙe gida awa biyu uku ya koma shina kwana shina wuni, masu shi ko suna lissahin bidanj, wato canza mai, da wata kamar da, alhali da awa ake lissahi. Na uku kuma, wanga ba a son hwaɗi amma gaskiya ce, hannunmu ne mu masu gyara. Mazurarin da ke yashe ƙasa a ɗauko a zuba mai da shi, tano a bar shi buɗe tsakar rana, tsumma mai zare a goge bulok da shi, sai uwa uba pat ɗin juwan, abin liƙin nan na hana yoyo, da yara aparanti ke labtawa kamar ba kuɗɗi anka sa ba. Abin da ya tsartso waje kana ganinshi, to daidai shi ya tsartso ciki, in ya bushe shi ɓalle shi tahi shi liƙe rariyar pompo ko shi shige jiklar. Pat siririn layi ake sawa, inda akwai juwan mai kyau ma sau da yawa ba a buƙatarshi sam.

Kahin a kai ga kwance inji akwai abin da za ka iya dubawa. Kada ka dogara ga jar hitilar nan ta mai, don ita sai ƙarhin mai ya hwaɗi ƙasa da wajen rabin bar, ma'aunin ƙarhin turi ke nan, take kamawa, lokacin ɓarna ta yi nisa. Ka samu manometir na hannu ka kwance abin hitilar ka ɗaura shi gurbin, ka bar inji shi yi zahi sosai sannan ka karanta, don mai sanyi kauri gare shi shina ba da lamba mai daɗin gani ta banza. Galibi inji mai lahiya in shina gudun aiki za ka ga bar 2 zuwa 4, a ralanti, wato ƙaramin gudu ba kaya, shi sauka wajen bar guda ko sama kaɗan, amma littahin injinka shi ne alƙali. In lamba ta yi ƙasa, ko rariya ta cushe ko pompo ya gaji ko kusine sun cinye mai na zurarewa, ko kuma kilapen da ke rage ƙarhin mai ya maƙale buɗe saboda wani ɗan tsaki. Abin da mutane ba su cika lura ba shi ne allura na iya tsayawa daidai ko ma ta hau sama alhali wata ƙaramar hanya can gaba ta toshe, don manometir babbar hanya kaɗai shike ji. Shi ya sa nike cewa ka buɗe marhin kilbitar inji na ralanti ka gani da idonka, kowane kilbitar ya kamata shi jiƙe, in ka ga na ƙarshe bushe ko ya yi ja ja to hanyar sama ta samu matsala. Masu injin niƙa mai silinda guda irin na Sin, ku kuna da wani ɗan jan abu bisa marhin kulas da ke tasowa in mai ya hau, a riƙa dubanshi duk sahe, in gari ya ruhe gilashin a goge, in bai taso ba a kashe inji nan take, buhun mutane ya jira.

Ranar bidanj kada ka yar da tsohon filtir haka nan. Ka yanke gwangwanin, da abin yanka tol ba da zarto ba don kada garin zarto shi ruɗe ka, ka warware takardar ciki ka duba ta cikin rana. Ƙyalli ja ja ko ruwan azurhwa kusine ne ke ci, baƙin garin da mayen ƙarhe ke kamawa daga ƙarhe ne, guntayen roba kuma pat ne. Ka san cewa in filtir ya cushe mai ba shi tsayawa, akwai kilape da ke buɗewa shi wuce ba tacewa da dattinshi duka, don haka jinkirta canza filtir daidai shike da cire shi. Gurup na gazuwal yawanci awa 250 ake ba shi da mai 15W-40, ƙananan masu silinda guda wajen awa 100, cikin hunturu ko wurin niƙa ni ragewa nike.

To yanzu an kwance inji, nan ne aikin shike, kuma nan ne anka hi yin gaggawa don mai inji na tsaye bisa kanka shina cewa maigida don Allah yau nike son shi. In kusine ya taɓa narkewa to garinshi ya shiga ko'ina, in kuma an kai bilbireke wajen turnar, mai washin ƙarhe da inji, an rage shi da milimita 0,25 ko 0,50, garin dutsen washi na nan cikin ramukan, kada ka yarda wai an wanke can. Ka nemi wuri cikin ɗaki inda iska ba ta kaɗawa, ba bakin hanya ba, ka shimhiɗa kwali ko leda mai tsabta. Ka kwance duk bushon da ke ƙarshen hanyoyin bulok, ka ƙirga su ka zuba cikin gwangwani guda, don wanda anka manta ba a maida ba inji zai tashi mai na zubewa ciki allura ko motsi ba ta yi. Wasu bilbireke ma suna da kogo cikin inda biyel ke kamawa da bushon nashi, juyawa na tara datti nan shi daskare har sai an sa sukurdireba an ƙwaƙule, in naka na da shi a buɗe. Ka jiƙa kayan cikin gazuwal su kwana in da hali, kada esansi, mun san ya hi saurin wanki amma garaji ba a rasa mai taba ko mai walda kusa. Sannan ka samu dogon buroshi siriri mai gashin roba ka zura cikin kowace hanya ta hita ɗaya gehen, kana zurawa kana juyawa kana zuba gazuwal, waya tsirara ba ta wanki, hudawa kawai take ta tsakiyar taɓon ta bar sauran liƙe ga bango, kuma tana iya karce bakin rami inda kusine ke kwanciya.

Bayan gazuwal sai ruwan zahi da omo, da yawa suna jin tsoron wanga don tsatsa, amma garin dutsen washi sabulu ya hi ɗaga shi. A wanke, a ɗauraye, nan take a bi kowane rami da iskar kompiresar, ka sa tabarau kuma kada ka leƙa ramin da iska za ta hito, daga nan a shahe ko'ina da sabon mai kahin tsatsa ta hwara. Gwajin da nike yi shi ne in tara hwarin ƙyalle bakin rami in hura ta ɗayan, in ya yi tabo a sake. Na biyu ka cika buret da mai ka matsa cikin ramin paliye ka ga ya ɓullo ramin biyel a cike ba ɗigo ɗigo ba, ɗaya bayan ɗaya har ka gama. Jiklar na pisto a hura su a duba ba su lanƙwashe ba. Rariyar pompo a ɗaga ta sama a ga haske ta ko'ina, a duba tiyonta bai tsage ba don in shina shan iska kumhwa za ta riƙa tahiya madadin mai. Radiyatar mai ita ce mai wuya, ƙananan hanyoyi gare ta buroshi ba shi shiga, in kusine ya narke sosai gara a canza ta da a sa sabbin kaya ta amayo musu tsohon gari.

Wajen haɗawa akwai tarko guda biyu uku. Kusinen paliye ba iri ɗaya ba ne sama da ƙasa, mai rami da kwari shi ke zama cikin bulok daidai bakin hanyar mai, sumul ɗin shi ke zama cikin marhi, in anka juya su to ka toshe hanya da hannunka kuma inji zai tashi lahiya lau na ƴan mintoci kahin shi kama. Ka ɗora shi ka leƙa ka ga rami ya hau rami. Haka juwan na kulas, wasu injuna in ka kihwa shi duk bulon na shiga daidai amma ƴar ƙohwar da mai ke bi zuwa kilbitar ta ruhe. Sandar kilbitar ita ma tana da gehen da ramukanta ke kallo. In kana samun Plastigage, zaren roban nan da ake matsewa a auna rata, ka yi amhwani da shi, kuma a ɗaure da kilen awo bisa lambar littahi, ba da tiyo bisa kile da ƙarhin yaro ba. Kowane kusine a shahe huskarshi da mai, bayanshi kuma a bar shi bushe.

Ranar tada shi kada a ba shi wuta kai tsaye. Ka yanke gazuwal, ka juya da demarar sakan 15 ka huta ka sake, har allura ta motsa ko hitila ta mutu, sannan ka tada shi a ralanti marhin kilbitar buɗe kana kallo. In sakan 10 sun wuce ba alamar mai a kashe, ba a cewa bari mu ga ko za shi hau. Man hwarko kuma ba a daɗewa da shi, a zubar da wuri tare da filtir don shi ke kwaso abin da wanki ya bari.

Turbo na son magana tata don tana juyawa hiye da sau 100.000 a minti kuma tiyon da ke kai mata mai siriri ne, kusa da wurin da ya hi ko'ina zahi. Direban da ya taso da kaya daga Konni ya iso ya kashe inji nan take, man da ya tsaya cikin turbo dahuwa shike shi zama gawayi, yau kaɗan gobe kaɗan har tiyo shi tsuke. Minti biyu uku a ralanti kahin a kashe ya isa. In za a sa sabuwar turbo a canza tiyon ko a wanke shi sosai har da bulon mai rami da ke bakinshi, a zuba mata mai ta sama kahin a ɗaure, a duba tiyon komawa bai lanƙwashe ba, in ba haka ba sabuwar ma bin tsohuwar za ta yi.

Sai ɓangaren giris, wato paliyen injin niƙa, na injin ɓare, na tapi, wato bel irin waɗanda ke jan kaya a izin kamar ta siminti a Malbaza, da motar kuran, wato injin da lantarki ke juyawa. Nan hanyar gajeruwa ce, daga giresar, ɗan nonon da ake tura giris ta cikinshi, zuwa cikin rulma, amma toshewarta ta hi yawa. A goge kan giresar kahin a kama pompo, in ba a goge ba ƙurar da ke bisa ita ce ta hwarko shiga. In kana matsawa pompo ya yi tauri giris na hitowa ta gehe, to bai shiga ba, kada ka yaudari kanka, ka kwance giresar ka gwada shi a hannu, in ƴar ƙwallon ciki ta maƙale ka canza, arha ne, in shi lahiya shike to tsohon giris ne ya bushe cikin rami sai an ƙwaƙule an wanke da gazuwal. Wasu manyan rulma da ka ga an rubuta W33 ƙarshen lambarsu suna da kwari da rami uku bisa zoben waje, ta nan giris ke shiga, a tabbata kwarin na daidai da ramin gidan. Wanda anka rubuta 2RS kuma ruhe shike gehe biyu da girisnshi ciki, ba a yi shi don a ƙara mishi ba.

Yawan giris shi ma ɓarna ne, kuma shi munka hi yi, a yi ta matsawa har shi tsartso don a ga an yi aiki. Pompon hannu na iya tura ɗaruruwan bar, robar da ke tare ƙura ba ta jure haka, hwashewa take, rulmar da anka cika maƙil kuma zahi take yi giris shi narke shi gudu. Lissahin da masu ƙera rulma irin su SKF ke badawa mai sauƙi ne, ka auna hwaɗin rulma ta waje da kaurinta da milimita, ka ninka su, ka sake ninkawa da 0,005, abin da ya hito giram ne. Rulma 6310 na da 110 da 27, ka ga wajen giram 15 ke nan, 6205 mai 52 da 15 giram 4 bai cika ba. Don ka san abin da pomponka ke hitarwa ka matsa sau 10 bisa leda ka kai ma mai sikelin shago shi auna maka. Gidan rulma sulusi zuwa rabi ake cikawa. In akwai bushon na hitar tsohon giris ta ƙasa a buɗe shi kahin a matsa, a bar inji shi ɗan juya sannan a maida. Kuma a tsaya ga iri guda, yawanci na litiyom lamba 2 ya ishe mu, haɗa iri biyu da ba su jituwa na sa shi ko dai shi tsinke shi zube ko shi daskare cikin hanya, kala ba ta gaya maka iri, gwangwanin za ka karanta.

Bwat da redikitar, wato akwatunan giya, nasu ba wuya, a kula da ɗan hancin da suke shaƙar iska ta sama, in laka ta toshe shi zahi na kumbura iskar ciki ta turo mai ta juwan, sai a yi ta canza juwan ana zagin kayan kasuwa alhali hancin ne.

Ƙananan motopompo na esansi da ake ban ruwa da su, irin GX160 da ƴan uwanshi, su ba su da pompon mai ma sam, wani ɗan cokali ne ƙasan biyel ke tsoma kai cikin mai shina watsawa, ya shiga ta ƴan ramukan da ke jikin biyel. Man duka wajen litir 0,6 ne, don haka in ya ragu kaɗan ko an girke injin a karkace bakin rijiya cokalin iska shike duka. A daidaita ƙasa ko a sa katako kahin a tada, a duba mai duk sahe inji na zaune daidai, sabo a zubar da man hwarko bayan awa 20 sannan duk awa 100. Masu yanke wayar nan da ke kashe inji in mai ya yi ƙasa don wai tana damunsu, a maida ta, in tana kashewa to ko mai ya ragu ko injin ya karkace, a duba waɗannan biyun tukuna.